Ƙoƙo da Faifai

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na wuce gidan Kawu a kudancin Jidda kamar yadda na saba. Goggo ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar da wata 'yar'uwarmu ta taho da ita daga Kano lokacin da ta zo Umara. Da aka kwashe kwanuka sai na buɗe kwamfuta a kan kafet. Akwai wani lissafi da ya kwana goma yana hana ni barci, ga shi na yi alkawarin miƙa shi ranar Lahadi da safe.

Aikina shi ne ƙiyasta yawan hasken da zai sauka a kan farantan sola idan ƙura ta tashi. A ƙasar nan ba ƙaramar magana ba ce. Tashar Sakaka da ke Jauf megawat 300 ce, ta Sudair kuwa 1,500, kuma ƙura ba ta neman izinin kowa kafin ta rufe su. Manhajoji biyu nake amfani da su. Ɗaya ita ce libRadtran, tsohuwar hannu da masana a Jamus suka daɗe suna reno. Ɗayar kuma Eradiate, wadda kamfanin Rayference na Beljiyam ya gina a kan Mitsuba 3, injin zana hoto da aka ƙirƙira a jami'ar EPFL ta Suwizalan. A cikin ta biyun mutum yakan gina duniyarsa da kansa: ya shimfiɗa ƙasa, ya jera iska hawa-hawa, ya zuba ƙura gwargwadon yadda yake so, ya rataye rana. Amma ko ya gama duk wannan, babu lamba ɗaya da za ta fito sai ya dasa ido a wani wuri, ya ce mata ga ta inda za a duba.

Kawu ya yi fiye da shekara 30 yana sana'ar hoto kafin wayoyi su kashe kasuwar. Ya leƙo ta saman tabarau.

"Ɗana, wannan hoton mene ne?"

"Sararin samaniya ne, Kawu. Kamar a kwanta rigingine a kan soro da azahar, ranar da ƙura ta tashi."

Ya jima yana kallon da'irar nan mai ruwan ƙasa, da farin gewaye can wajen tsakiya. Sannan ya ce, "To ina ranar?"

Gaskiyarsa. Babu rana a hoton. Hasken da ke kewaye da ita yana nan, ita kanta babu. Don in ba shi amsa sai da na koma baya sosai, har zuwa Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira ya rubuta Kitabul Manazir wajen shekara 1000 da suka wuce. Kafin shi, masana da yawa suna cewa ido ne ke fitar da wani haske ya je ya taɓo abin da yake gani. Shi ya kafa hujja cewa haske ne ke shigowa ido, har ya yi gwaji da ɗaki mai duhu da 'yar ƙaramar huda. Abin dariyar shi ne manhajojin nan sun koma kan tsohuwar maganar da ya rusa, ba don sun yarda da ita ba, sai don ta fi arha. Idan aka ce za a bi haske tun daga rana, kamar mutum ya hau hasumiyar agogo ta Makka ne ya watsa buhun gero, yana jiran ƙwayar da za ta faɗa cikin kwalbar turare a ƙasa. Kusan duk wahalar ta tafi a banza. Saboda haka sai a juya: a harbo kibiyoyi daga cikin ido, a bi su har inda suka samo haske. Hanyar da haske ya bi ya zo, ita zai bi ya koma, don haka lissafin ɗaya ne.

Kowace kibiya tana tafiya har ta ci karo da ƙwayar iska ko ta ƙura. A nan kwamfuta ta jefa ƙuri'a: a haɗiye ta ne, ko ta karkata, kuma zuwa ina? Wannan ita ce dabarar Monte Karlo, sunan garin 'yan caca. A duk inda kibiya ta yi karo, manhajar takan waiga wajen rana kai tsaye ta lissafa hasken da ya iso wurin. Ita ranar kuwa an saka ta ne a matsayin haske mai zuwa daga fuska ɗaya tak, ba faɗi ba kauri, kuma kibiyar da aka harba da ƙuri'a ba za ta taɓa dacewa da abin da ba shi da faɗi ba. Shi ya sa hasken da ya watsu ya fito, ƙwayar ranar ba ta fito ba. Wanda yake son ganinta sai ya canza ta da rana mai jiki, mai faɗin kusan rabin digiri kamar ta gaske.

Kawu ya ce, "Wato makauniyar kamara ka gina." Na ce ba makauniya ba ce, abin da aka tambaye ta kawai take gani.

A cikin manhaja, abin da ake kira kamara ko sensa ba gilashi ba ne ba ƙarfe ba. Ƙa'ida ce mai amsa tambaya uku: daga ina kibiyoyi za su tashi, ina za su nufa, kuma wane nauyi za a ba kowacce idan ta dawo da labari. Wadda kowa ya sani ita ce kamarar huda, irin ɗakin Ibnul Haisam: kibiyoyi duka daga ɗigo ɗaya, suna bazuwa kamar mafici. Ita ke ba da hoto mai kyan gani, wanda ake sa wa manya a taro su gyaɗa kai. Akwai kuma mai kwaikwayon gilashin gaske, mai fito da abu ɗaya tangaran ta dusashe na bayansa. Mu ba ma taɓa ta, don abin da muke kallo yana nesa da kilomitoci. Da na faɗi haka Kawu ya ɗan ɓata rai, domin a nan gwanintarsa take.

Wadda na fi so ita ce mafi talauci a cikinsu: layi ɗaya, fuska ɗaya, lamba ɗaya. Ba ta ba da hoto ko kaɗan. 'Yar'uwarta ta zahiri ita ce na'urar Cimel da cibiyar AERONET ta hukumar NASA ke girkewa a kan rufin gine-gine a duniya. A nan Saudiyya an san tashar Solar Village kusa da Riyad, da ta Suwal a arewacin Jidda. Na'urar tana da bututu mai hangen digiri 1.2 kacal. Takan juya da kanta ta fuskanci rana, ta auna haske a launuka daban-daban, waɗanda ake bambantawa da tsayin zangonsu: nanomita 440, 675, 870, 1020 da wasu, sannan ta zagaya sararin sama a daidai tsayin da rana take. Sunan wannan zagayen a bakin Turawa daga Larabci suka are shi, almuƙanɗarat. Daga raunin da rana ta yi ake gane kaurin ƙura. Idan kaurin ya kai 1 a ma'aunin da masana ke amfani da shi, kuma rana tana tsaka, kashi 37 cikin 100 na hasken kai tsaye ne ke tsira. Idan ya kai 2, bai cika kashi 14 ba. Daga hasken gefe kuma ake gane girman ƙwayoyin.

A nan ma akwai tarko. Ƙurar hamada manyan ƙwayoyi gare ta, kuma manyan ƙwayoyi gaba suke tura haske, ba sa watsa shi ko'ina kamar yadda iska tsantsa ke yi wa shuɗi. Wato mafi yawan hasken da ƙura ta karkatar bai yi nisa da rana ba, yana nan a gewayenta. Na'urar da masu sola ke auna hasken kai tsaye da ita tana hangen kusan digiri 5, don haka takan haɗa da wani ɓangare na gewayen nan ta kira shi rana. Layi ɗaya na cikin kwamfuta kuwa ba shi da faɗi sam. Idan aka gwada lambobin biyu ranar ƙura ba tare da an ba na kwamfutar faɗinsa ba, za a yi ta zargin ƙura alhali laifin ido ne.

Duk wannan na sani. Abin da ya hana ni barci daban ne. Ina neman jimillar hasken da ya watsu yake saukowa daga ko'ina na sama zuwa kan faranti a kwance. Sai na yi dabara irin ta malalaci: tunda ina da hoton sama gaba ɗaya daga Eradiate, wanda kowane ɗigo nasa ke ɗauke da yanki daidai da na ɗan'uwansa, bari in tara ɗigogin kawai. Na tara. Amsar ta haura ta libRadtran nesa ba kusa ba. Na canza girman ƙwayoyin ƙura, na canza hasken ƙasa, na ƙara kibiyoyi. Ƙara kibiyoyi kuwa ba wasa ba ne: sai ka ninka su sau 4 kafin dishi-dishin hoto ya ragu da rabi. Kwamfuta ta kwana tana huci, gari ya waye da amsa mai tsabta, kuma ba daidai ba.

Na yi wa Kawu bayanin nan ne don in huce, ba don ina sa ran komai ba. Ya saurara yana jan carbi. Da na gama ya ce, "Tsaya. Fuska kake aunawa ko takarda?"

Ban gane ba. Ya ƙwala wa Goggo kira ta miƙo masa gwangwanin biskit da ke saman kwaba. A ciki, naɗe cikin tsohon hirami, akwai ma'aunin haskensa na Sekonic, irin wanda ba ya cin batir, mai allura da farin ƙoƙo a ka kamar rabin ƙwai.

Ya ce shekarun da yake ɗaukar alhazai a Arfa, wannan ne ya rufa masa asiri. Ma'aunin da ke cikin kamara abin da ya dawo daga jikin mutum yake aunawa, kuma an saita shi ya ɗauka duniya duka toka-toka ce. To ga Bahaushe baƙi wuluk cikin farin harami, rana tsaka, ƙasa fara. Kamara ta ga fari ya yi yawa sai ta tsuke ido. Hoto ya fito, harami ya yi toka, fuskar Alhaji ta zama gawayi, sai haƙora. "Mutum ya tara kuɗi shekara ashirin ya zo, ka ba shi hoton da matarsa ba za ta gane shi ba?" Saboda haka shi ba ya auna abin da ke dawowa. Yakan taka har gaban mutum, ya kai ƙoƙon nan kusa da haɓarsa, ya auna hasken da ke sauka a kansa.

Sannan ya murɗe ƙoƙon ya cire. Ya ce ma'aunin da kai biyu yake aiki da shi. Ƙoƙo na fuska ne, don fuska tana da kumatu da goshi da hanci, haske daga gefe ma yana samunta. Amma idan takarda aka kawo a ɗauka, shahadar makaranta ko tsohon hoton da ake so a sabunta, sai a sa ɗaya kan, wani fari shimfiɗaɗɗe kamar ɗan faifai. Takarda a kwance take. Hasken da ya zo mata ta sama ya same ta sosai, wanda ya zo ta gefe shafarta kawai yake yi ya wuce.

"Farantin naka fuska ne ko takarda?"

Wallahi sai da na ji kunya ta rufe ni. Abin da ake koya wa ɗalibi a makon farko ne. Hasken da ya faɗo daga tsakar ka ana ƙirga shi cikakke, wanda ya zo a karkace da digiri 60 rabi ake ƙirgawa, wanda ya taho daga gindin sama kuwa ba a ƙirga shi da komai. Ni na ba kowane ɗigo nauyi ɗaya. Na sa ƙoƙo a inda ake sa faifai. Da a ce hasken sama daidai yake ta ko'ina, da ninki biyu cif amsata za ta ba ni, kuma da tun daren farko na gane, don ninki biyu ba ya ɓuya. Amma ƙura ta tara haske kusa da rana, ranar kuma tana sama, sai kuskuren ya fito da wata lamba marar fasali da ta yi kama da matsalar kimiyya. Manhajar tana da idon da aka yi musamman don tara haske a kan shimfiɗa, da nauyinsa a ciki. Ni ne na tsallake shi don ina ganin na iya.

Abin da ya ƙara ruɗa ni, na'urar da ke kan rufin wurin aikinmu tana da ƙoƙon gilashi a ka, kullum ina ganinta. Gilashin kariya ne kawai daga iska da ƙura. Abin da ke jin hasken a ciki baƙin faifai ne a kwance. Kuma lissafin ƙoƙo ba shirme ba ne a kan kansa. Masu nazarin yadda hasken rana ke farfasa sinadarai a iska shi suke nema, domin ƙwayar iska ba ta da gaba ba ta da baya, ta ko'ina haske ya zo ya same ta.

Na gyara layi ɗaya. Kafin Goggo ta kawo shayi lambobin biyu sun matso kusa da juna har na daina jin tsoron Lahadi.

Daga nan hira ta saki. Kawu ya tambaya ko taurarin ɗan'adam ma haka ake kwaikwayonsu. Na ce nasu idon daban ne, kuma shi aka fi amfani da shi a wannan fanni. Terra, tauraron hukumar NASA da aka harba a Disambar 1999, ya shekara da shekaru yana tafiya a nisan kilomita 705. Daga can, fili mai faɗin kilomita ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Don haka a kwamfuta ba a wahalar da kai a ɗora kamara a wannan tsayi. Sai a ce idon yana nesa marar iyaka, kibiyoyinsa su sauko a jere kamar ruwan sama marar iska, duka fuska ɗaya. Abin da ake faɗa masa biyu ne: ta wace kusurwa, kuma a kan wane fili. Wanda ya manta na biyun, kibiyoyinsa na iya sauka a inda bai nufa ba, kuma manhaja ba za ta yi masa gardama ba. Ana iya jera irin wannan ido da yawa a aiki ɗaya, kowanne da kusurwarsa.

Hakan ya dace da na'urar MISR da ke kan Terra ɗin: kamara 9, ɗaya tana kallon ƙasa tsaye, huɗu gaba, huɗu baya, a digiri 26.1, 45.6, 60 da 70.5. Cikin kusan minti 7 dukansu sun kalli wuri ɗaya. Ta ƙarshen, saboda karkatarta, tana ratsa iska ninki uku na wadda ta tsakiya ke ratsawa, don haka ƙura ta fi fitowa a idonta. Kawu ya ce ai ko a biki mai hoto ɗaya ba ya isa. Amfanin wannan ya fi bayyana a irin ƙasarmu. A kan Bahar Maliya gane ƙura ba wuya, ruwa baƙi ne daga sama, kuma duk bazara ana ganin ƙurar da iska ke turowa ta mashigar Tokar a Sudan ta shimfiɗu a kansa kamar an zubar da kunu. A kan rairayi kuwa, ƙura ce mai haske a kan ƙasa mai haske. Sai an haɗa kusurwoyi, ko a koma can ƙarshen shuɗi wajen nanomita 412 inda hamada take yin duhu, kafin a raba su.

Ya sake laluba gwangwanin ya fito da wani kwali toka-toka da gefensa ya cinye. Da shi yake gwada ma'auni idan ya fara zarginsa, don an san kashi 18 cikin 100 na haske yake mayarwa. Na ce masa taurari ma suna da nasu kwalin, kuma muna zaune a gefensa. A 1996 wasu masana a Faransa suka zaɓi wurare 20 a Sahara da hamadar Larabawa, inda ba ruwa ba tsiro ba gari, kuma kamanninsu ba sa canzawa shekara da shekaru. Suna da sunaye irin su Libiya-4, Sudan-1, Arebiya-1, har da uku a Nijar. Idon tauraro yana tsufa a sama, ba mai hawa ya goge shi. Sai a sa shi ya kalli wurin, a kuma gina wurin a kwamfuta da iskarsa da ƙurarsa da ido irin nasa, a gwada. Burin masu Eradiate shi ne kuskuren irin wannan lissafi ya sauka ƙasa da kashi 1 cikin 100. A wannan mataki hatta tudun rairayi da inuwarsa suna shiga lissafi, haka ma yadda kowane ido ke jin launi. Taurarin Turai Sentinel-2A na 2015 da 2B na 2017 tagwaye ne, zubi ɗaya, amma kowanne da takardar jin launinsa daban. Kawu ya ce wannan ba labari ba ne, fim ɗin Kodak da na Fuji ma ba su taɓa yarda da juna a kan kore ba.

Rana ta yi sanyi, hasken da ke shigowa ta taga ya koma ja. Ya nuna shi da carbi ya ce ko injina zai iya zana shafaƙi. Na ce ya danganta da irin duniyar da na gina. Yawancin lissafinmu a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muke yinsa, iska hawa-hawa kamar an jera tabarmi, don ya fi sauri kuma yana isa muddin rana tana sama. A irin wannan duniya ba magariba. Rana ba ta da bayan da za ta faɗa ta ci gaba da haska saman iska. Sai an lanƙwasa ƙasar an mai da iskar ɓawo-ɓawo kamar albasa kafin ja ya fito bayan faɗuwar rana. Ya ce to gara da masu kalandar Ummul Ƙura suka yanke minti 90 tsakanin magariba da isha'i suka huta, ba su jira ni ba.

Da zan tafi na roƙe shi aron ma'aunin, in kai wurin aiki in nuna wa yaran da ke koyon aiki a hannuna. Ya naɗe shi cikin hiramin ya miƙo, ya ce in dawo da shi kafin Hajji. Na buɗe na duba: ƙoƙon yana nan, faifan babu. Muka zazzage gwangwanin a kan kafet, tsofaffin fim da murafen gilashi da rasit na wani shago da aka rushe tuni. Goggo daga kicin ta ce in wani farin abu ne kamar maɓalli, ta daɗe da ganinsa a hannun jikoki. Ladan ya ɗaga murya, Kawu ya miƙe yana neman takalmi, ya ce in leƙa ƙarƙashin kujera kafin in biyo shi.